Bokitin Dusa a Tashar Umeda

Sau ɗaya Masaji ya taɓa zuwa Tokyo, shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, kwana huɗu ya yi. Amma tun daga lokacin babu wanda ya isa ya bar ƙauyensu na kan duwatsun Shimane zuwa birni bai biya ta wajensa ya karɓi shawara ba. In ma ba ka biya ba, shi zai biyo ka har tashar mota. To balle yau da matarsa Kinuyo ce za ta Osaka ita kaɗai, shi kuma ciwon gwiwa ya ɗaure shi a gida. Ya yago takardar kalanda, ya juya bayanta, ya zana mata shawara goma sha ɗaya, kowace da lambarta.

"Ta farko ita ce uwa," in ji shi, yana buga yatsa a kan takardar. "Kada ki yi wa kowa magana. Mutumin birni ba shi da lokacinki."

"To in na ɓata fa, Baban Chizuru?"

"Ba za ki ɓata ba. Ai shi ya sa na rubuta sauran goman. Birni birni ne, ko Tokyo ko Osaka."

Mu da aka haifa a Osaka, wannan magana kaɗai ta isa mu yi mako ba mu gaishe shi ba. Amma a bar shi, tsoho ne, kuma ƙauna ce ta sa shi.

Abin da zai kai Kinuyo birni shi ne dusa. Kwaɓin dusar shinkafa ne da gishiri da barkono, irin wanda ake binne kokwamba da yalo a ciki su kwana su yi tsami, a ci da shinkafa. Nata ta gada ne daga mahaifiyarta, ya haura shekara sittin da rai, domin kullum sai an sa hannu an juya shi, da zafi ma sau biyu. In aka bar shi a rufe cikin zafi sai ya lalace, kuma in ya lalace shi ke nan, ba a saye a kasuwa.

Shekara tara ke nan da 'yarsu Chizuru ta ce za ta bar aikin gidan waya ta tafi Osaka koyon girki. Ranar Kinuyo ta saki maganar da har yau take cizon yatsa a kanta. Ta ce, "Ke da ba ki taɓa juya dusa kwana uku a jere ba, ke ce za ki ciyar da gari?" Yarinya ta haɗa kayanta ta tafi, ba ta sake taka ƙauyen ba. Takan kira babanta, ta ce a gai da Mama, iyakarta ke nan. Sai makon jiya, ta kira ta ce a ba Mama wayar.

"Mama, zan buɗe ɗan gidan abinci a unguwar Tenma ranar Asabar. Ina son dusarki. Ko cikin tafi ɗaya ne."

"Zan kawo da kaina," in ji Kinuyo, kafin ma ta yi tunani. "Juma'a, ƙarfe biyu, don kayan lambun su samu su kwana a ciki."

Cikin tafi ɗaya aka ce. Amma da asubar Juma'a, Masaji na munsharinsa, Kinuyo ta kwashe tukunyar kakaf ta juye a bokitin roba mai murfi, har ta sa yatsa ta suɗe gefe. Ta ɗaure bokitin a shuɗin mayafi. Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta yi haka ba, ta dai ji kaɗan ba zai isa ya faɗi abin da ke ranta ba.

Mota, jirgin ƙasa, wani jirgin, da ƙaramin na ƙarshe, kafin sha ɗaya na safe ga ta a Umeda, babbar tashar Osaka, rungume da bokiti, gumi har cikin takalmi. Ta ciro takarda. Shawara ta uku ta ce: a matakala mai tafiya da kanta, tsaya ta hagu, masu sauri su wuce ta dama. Ta tsaya ta hagu ƙyam, ta ajiye bokiti a gabanta. Nan take layi ya taru a bayanta. Wani mai baƙar kwat ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Baba, daga Tokyo kike ne? Ɗan matsa dama, don girman wannan kaya naki." Mutane suka yi dariya, ita ma kunya ta sa ta dara. Mu a nan ta dama muke tsayawa, kowa ya sani, sai dai wanda ya yi karatunsa na birni a wajen Masaji.

Shawara ta biyar kuwa ta yi mata daɗi: kada ki yi yawo da kaya mai nauyi, sa shi a loka, wato akwatin ajiyar kaya na tasha, ki kulle, ki lura da shagon da ke kusa don ki gane wurin. Tana son ta sayi furanni, don ba a zuwa buɗe shago hannu rabbana. Ta sauka ƙasa, ta samu jerin lokokin ƙarfe, ta cusa bokitin a mai lamba ɗari uku da sha takwas, ta zare makulli. Ta waiga neman alama. Ga shagon turararren burodi mai nama, da jan allo, da layin masu saye. A ƙauyensu shago ɗaya shago ɗaya ne, in ka ce kusa da mai burodi ka gama kwatance.

Da za ta wuce sai ƙafarta ta ƙi. Ta yaya za ta bar dusar uwarta a wuri ba ta damƙa wa kowa amana ba? Ta dubi takarda, ta dubi matar da ke naɗe burodi a bayan kantar shagon, wata mai farin hula da tabarau. Ta matsa kusa, ta rusuna.

"'Yar'uwa, ki yi haƙuri ban sayi komai ba. Dusata ce a waccan lokar. Ki ɗan sa mini ido, yanzu zan dawo."

Matar ta dube ta da mamaki, ta ce, "To, Baba." Kinuyo ta wuce tana jin kamar ta ci amanar mijinta, tun ba a je ko'ina ba ta karya shawara ta farko.

Furanni ta samu masu kyau, rawaya da fari. Dawowar ce ta zama aiki. Wanda bai san ƙarƙashin Umeda ba, ba zai gane ba: hanya ta haifi hanya, wannan ta karkace ta shiga waccan, mu kanmu 'yan gari mukan shiga da niyyar sayen safa mu fito a wata unguwa. Kinuyo ta yi ta tafiya har ta hango jan allo. Ta yi ajiyar zuciya. Ga layi, ga burodi, ga lokoki, ga ma lamba ɗari uku da sha takwas. Ta sa makulli, ya ƙi shiga. Ta dubi mai naɗe burodi, wani saurayi ne dogo. Ta sake tafiya, ta sake ganin jan allo, wannan karon babu ko loka ɗaya a kusa.

Agogon bango ya nuna sha biyu da rabi. Zafin watan Agusta yana bin mutane har ƙarƙashin ƙasa, ta kuma san yadda cikin akwatin ƙarfe yake a irin wannan rana. Tun asuba rabon da a juya dusar. Ta ciro waya, ta dubi sunan Chizuru, ta mayar da ita jaka. Me za ta ce? Ita da ta yi wa yarinya gori a kan kwana uku, yau ta zubar da shekara sittin a safiya ɗaya? Ta samu gindin wani ginshiƙi ta tsaya, furanni a ƙirji, idanunta suka ciko. Tsoro ne ya kama ta sosai, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya.

"Ke Yaya! Ana kuka da furanni a hannu? Biki ne ko makoki?"

Wata mata ce ta tsaya a gabanta, gajera mai jiki, gashi an rine shi ja, riga mai zanen damisa har da kan damisar a ciki. Kafin Kinuyo ta ce uffan, matar ta zura hannu a jaka ta ciro alewa ta danna mata a tafi.

"Sha. Babu matsalar da ake warwarewa da baki mai ɗaci. Ni ce Terumi. Me ya ɓata, miji ko kaya? In miji ne ki bar shi, zai dawo in ya ji yunwa."

Kinuyo ta so ta yi shiru, amma alewa na baki, magana ta ɓalle. Ta ba da labarin dusa, da loka, da jan allo, har da gorin shekara tara, abin da ko maƙwabciyarta ba ta taɓa gaya wa ba. Terumi ta dafe ƙirji.

"Jan allo? Tabɗi! Yaya, ai wannan shagon ya kai shida a ƙarƙashin nan. Wa ya ba ki wannan dabara?"

Kinuyo ta miƙa mata takardar kalanda. Terumi ta nesanta ta da fuska tana karantawa da ƙarfi, har masu wucewa suna waigowa.

"Kada ki yi wa kowa magana. Kada ki nemi ragi. Kada ki ci abinci a tsaye. Kai! Wannan mijin naki gidan yari ya je ko Tokyo?"

"Tokyo."

"Ai na ce. Duk ɗaya ne." Ta ninke takardar ta mayar mata. "Adana, ta yi fifita. Nan garin matambayi ba ya ɓata. Yanzu gaya mini, da kika fito daga wajen lokar, me kika fara gani?"

"Mutane."

"Madalla, kin taimaka. Me kika ji a hanci?"

Kinuyo ta rufe ido. "Gahawa. Sai kuma ƙamshin soyayyen kifi can gaba."

"Yauwa, yanzu kika yi magana. Ya rage saura uku. Riƙe jakata, kada ki sake ta ko me ya faru."

Haka suka kutsa cikin taro, damisa a gaba, furanni a baya. Terumi ba ta san wata aba wai ita kunya ba. Ta tare mai shara, ta tare ma'aikacin tasha mai farin safar hannu, wanda ya yi musu bayani da ladabi cewa lokokin nan na kamfanoni ne daban-daban, kowane da nasa lambobin, ya ba su taswira. Ta ba shi alewa. Ta tare wasu mata biyu sa'anninta da suka fito daga sayayya, ba ta san su ba, amma cikin numfashi uku sun ji labarin dusa, sun tsaya suna jajantawa.

"Shekara sittin? Tawa ko goma ba ta kai ba surukata ta kashe mini ita."

"Ke dai bari. Mu je mu taya ta nema, abincin rana ya jira."

Suka zama su huɗu. Shago na gaba ba shi ba ne, na bayansa ma haka. Ana cikin wannan sai wayar Kinuyo ta yi ƙara. Masaji ne.

"Kin isa? Kina bin takarda?"

"Ina bi."

"Ba ki dai yi wa kowa magana ba ko?"

Terumi ta karɓe wayar. "Maigida, sannu da gida! Matarka tana hannunmu, mu uku, duk ba ta san mu ba. Ka sha maganin gwiwarka ka kwanta." Ta kashe ta miƙa mata. Kinuyo ta tuntsire da dariya har furanni na karkarwa, ita da ɗazu take shirin kuka. Amma da ta ɗaga kai ta ga ɗaya da kwata, dariyar ta koma ciki.

Suna karya wata kwana, ƙamshin gahawa ya bugi hancinta. Ba ta ma kai ga ganin allon ba sai ta ji an ƙwala kira daga cikin hayaniya.

"Baba mai dusa! Baba! Nan, nan!"

Matar nan ce mai farin hula da tabarau, ta fito daga bayan kanta tana ɗaga hannu biyu.

"Ina kika shiga? Tun sha biyu ya kamata in tafi cin abinci, na ƙi tafiya. Kin ce in sa ido, na sa. Shekara sha huɗu ina sayar da burodi a nan, ba a taɓa ba ni ajiyar loka ba sai yau." Ta nuna da haɓa. "Ga ta can. Ko ban nuna ba ma, hanci zai kai ki."

Gaskiyarta. Tsamin dusa ya fara leƙowa ta ramin ƙofar, masu wucewa suna ɗan yamutsa fuska. Makulli ya shiga sumul. Kinuyo ta durƙusa a wurin, ta kwance mayafi, murfin ya kumbura ya yi tozo. Ta ɗaga shi a hankali. Mata huɗu suka sunkuyo da kai a kan bokiti, kamar masu duba jariri.

"Ta mutu?" in ji ɗaya.

Kinuyo ta goge hannunta da jiƙaƙƙen tsumman da mai burodi ta miƙo, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu har wuyansa. Dusar ta yi ɗumi, amma laushinta na nan. Ta juyo ƙasa zuwa sama, ta sake juyawa, ta ɗanɗana a yatsa.

"Tana nan da ranta. Fushi kawai ta yi."

Terumi ta yi shewa, sauran suka tafa, har wani mai wucewa da bai san me ake ciki ba ya taya su tafi. Can ƙasan bokitin Kinuyo ta lalubo kokwamba biyu da suka kwana a ciki, ta share su, ta kakkarya ta raba. A tsaye suka ci, a tsakiyar tasha, shawara ta tara ke nan ta bi 'yan'uwanta. Mai burodi ta lumshe ido tana tauna, ta ce rabonta da wannan ɗanɗano tun kakarta na da rai.

Terumi ba ta yarda ta bar ta ba. Ta ce Tenma tasha ɗaya ce daga nan, kuma ita dama ba ta da aikin yi sai sa ido a harkar mutane. Biyu saura minti biyar suka tsaya a ƙofar wani ɗan shago a lungun kasuwa, sabon labule a ƙofa, kujeru takwas a ciki. Terumi ta dafa bayan Kinuyo ta tura ta.

"Shiga. Daga nan ba ni da taswira."

Chizuru na bayan kantar shagon tana yanka yalo. Ta rame kaɗan, ta kuma yi kama da kakarta fiye da da. Ta ɗago, wuƙar ta tsaya.

"Mama."

"Na zo."

Duk jawabin da Kinuyo ta shirya a jirgi ya gudu. Ta ajiye furanni, ta ɗora bokitin a kan kantar da hannu biyu, katako ya amsa. Chizuru ta dubi bokitin, ta ɗaga murfin, ta daɗe tana kallo.

"Mama, cikin tafi na ce. Wannan ai duka ce."

"Duka ce."

"Me kika bari a gida?"

"Tukunya."

Chizuru ta wanke hannu, ta zura shi a dusar. Kinuyo ta zuba ido. Yarinyar ta kai hannu har ƙasa, ta juyo, ta danna saman da tafi ta fitar da iska, ta bi gefen bokitin da yatsa ta share tas. Wannan ba hannun mai koyo ba ne.

"Kullum nake juya tawa," in ji Chizuru, ba ta ɗago ba. "Shekara tara, ban tsallake rana ɗaya ba. Amma ta ƙi yin ɗanɗanon gida."

"Maganar da na faɗa miki ranar nan, ba gaskiya ba ce. Tsoron tafiyarki ne ya sa ni." Kinuyo ta dafa bokitin. "Kuma ni yau na kusa kashe ta a loka."

"A loka?"

"Labari ne mai tsawo!" Terumi ta ɗaga labule ta leƙo. "Ni zan ba ki shi gobe, in kin ajiye mini kujera. Mu huɗu ne, har da mai burodi."

Chizuru ta yi dariya da hawaye a fuska, hannu duk dusa, ta rasa da me za ta share. Uwar ta share mata da bakin mayafi.

"To Babana fa? Kin san ba ya iya haɗiye shinkafa in babu kokwamba mai tsami."

"Sai ya yi haƙuri. Ko kuma wani ya kai masa."

Chizuru ta dubi uwarta, uwar ta dubi rufin ɗaki, kamar ba ita ta yi magana ba.

"Saura sati biyu hutun ziyarar kaburburan kakanni," in ji Chizuru a hankali. "Zan rufe shago kwana uku. Rabinki ni zan kawo miki da kaina."

Kinuyo ta gyaɗa kai. Ta ciro takardar kalandar nan da ta jiƙe da gumi, ta shimfiɗa ta a kan kantar, ta ari alƙalamin da ke maƙale a aljihun 'yarta. Ta ja layi a kan shawara ta farko. A ƙasan ta goma sha ɗaya ta rubuta lokacin da motar ƙarshe take tashi zuwa ƙauyensu, ta tura mata takardar.

"Ba a canja shi ba tun da kika tafi," ta ce. "Zan tsaya a tasha in jira ki."